Ba Ni da Cibiya

Ba ni da cibiya.
Inda ya kamata ta zauna, tabo ne ya miƙe,
fari, a karkace, kamar ɗinkin buhu na gaggawa.
Yara a bakin teku sun sha tambaya ta:
Sabela, ke daga ƙwai kika fito?

Dosinda, uwata, ta ce Talata ce, ana ruwa.
Na faɗo duniya hanjina a waje,
sun riga ni ganin haske.
Aka naɗe ni a leda kamar kifin da aka saya,
aka haye da ni Vigo.
Likita Loureiro ya mayar da abin da zai koma,
ya yanke abin da ya yi baƙi,
taƙi uku, in ji ta, tana aunawa a kan tebur.
Ya ce mata: An gama, tafi da 'yarki gida.

Ni mai ɗinkin koma ce a tashar jiragen Cangas.
Duk inda na ƙulla, nan zare ya fi tauri,
gefensa kuma shi ke fara yagewa.
Ban taɓa ce wa masunci an gama ba.
Cewa nake: je ka, za ka dawo.

Shekara talatin da tara kafin nawa ya dawo.
Daren Nuwamba, bayan miyar kabeji da wake a gidan Brais,
wani abu ya murɗa mini ciki
yadda ake matse tsumma.
Na yi amai kore.
Ciki ya tashi kamar ganga, ba shiga ba fita.

Likitar da ta karɓe ni, Antía Regueiro,
ba a haife ta ba ranar da aka ɗinke ni.
Ta nuna mini hoto: tabo ba a fata kaɗai yake ba,
a ciki ma ya yi saƙa,
zare ɗaya ya shaƙe hanji.
Na ce na gane. Wannan ƙullin na san shi.

Suka zura roba ta hancina.
Kwana uku ko ruwa ban kurɓa ba,
wuƙa tana jira a hawa na biyu.
Kowace safiya tambaya ɗaya: kin saki iska?
An ce tusa ba ta hura wuta.
Tawa, ranar Juma'a da asuba, ta hana a fede ni.
Tsohuwar gadon kusa da taga ta tafa mini.

Yanzu ina tauna loma sau talatin.
Allurar bitamin duk wata, a cinyar hagu.
Tsakuwa biyu ƙodata ta haifa, suna cikin kwalbar zuma.
Na san kowane bayi daga Cangas zuwa Moaña,
da wanda sakatarsa ba ta kamawa.

Na nemi takarduna na jarirai.
Aka ce sun ɓace wajen ƙaura.
Masu duba yara suka ce na girma,
masu duba manya suka ce ciwon yara ne.
Loureiro ya rasu, da taswirar cikina a kansa.

Jiya uwata ta same ni zaune cikin koma.
Ta daɗe tana kallon allurata kafin ta ce:
kwandunan kifin da na ɗauka da cikinki, su ne?
Na ce likita ta ce ba su ba ne.
Ta ce ai likitoci sun taɓa cewa an gama.

Na ɗaga rigata, cikin sanyi, a gaban jiragen.
Ta ɗora yatsa a farkon tabon,
ta bi shi a hankali har ƙasa.
Ta ce: da ni ce, da na matse ɗinkin nan.
Sai ta ɗauki ɗaya allurar,
ta kama bakin komar ta can.